Kalmar da Ta Gagari Malam Sodangi

Har yau raina ɓaci yake idan na ji ana cewa Malam Sodangi bai tsinana komai ba sai koyar da Turanci a firamare a nan Kankia. Masu faɗar haka ba su san abin da ya yi ba a shekarar da aka bar fam aka koma naira. Ni katanga ɗaya ta raba gidanmu da nasa, don haka bari in faɗa.

A Kusada akwai wata dattijuwa, Gwaggo Ummulkhairi, mai koyar da matan aure karatu a cikin gida. Mahaifinta, Malam Ashafa, ya rasu ya bar waƙar wa'azi a kan haƙurin manomi, kowane baiti ɗango biyu. Ita kuma ta yi mata tahamisi, wato kafin kowane ɗango biyu nasa ta ɗora uku nata, suka zama biyar. Idan ana rerawa ba ka gane inda 'ya ta tsaya uba ya karɓa.

Wani mai bincike daga jami'a, Ummaru, ya so a buga waƙar a mujalla da fassarar Turanci, ya ba Sodangi aikin. Baitocin ba su wahalar da shi ba. Kalma ɗaya ce ta gagare shi, wadda za ta zauna gaban sunan Gwaggo. Ya hau kekensa sai Kusada, ta fito zaure suka gaisa.

Ya ce, "Gwaggo, Turawa ba su da tahamisi. Suna dai da kalmar da ke nufin kin gyara."

"In gyara Malam? Ɗan nan ba ka da kunya. Mi ya ɓata da zan gyara?"

"To, kin kwafa."

"Ukun nan daga allon wa na kwafe su?"

Ya koma gida yana ta juya ƙamus. Da ya dawo ya ce ya samo kalmar da ke cewa sun rubuta tare.

Ta ce, "Tare? Shina kabari ni ina nan ina dakan fura? Kada ka sa ni ƙarya a bakin Turawa, ga tsufa."

Ya ce, "Ke kam Gwaggo, ko wanda ya ƙago Turancin ya zo sai kin koro shi."

Ummaru ya gaji da jira. Ya ce mujallar gurbin suna biyu gare ta, na mai waƙa a sama, na mai fassara a ƙasa. A sa Malam Ashafa kawai, ita ai ƙari ta yi. Ku ji fa, uku cikin biyar ne ƙari. Da namiji ne ya yi tahamisin, na rantse ba wanda zai furta wannan magana.

A lokacin Sodangi na neman zama hedimasta, kuma sunansa a mujallar jami'a da ya taimake shi ƙwarai. Duk da haka ya ce wa Ummaru, "Gurbi biyu ka ce ko? Cire nawa ka sa nata."

"Da wace kalma a gabansa?"

"Tahamisi. Wanda bai sani ba ya tambaya, mu ma haka muka koyi nasu."

Haka aka buga. Hedimasta kuwa wani aka ba, Sodangi ya yi ritaya yana malamin aji.

Da mujallar ta iso ya kai wa Gwaggo, ya ɗora yatsa ya karanta mata sunan mahaifinta, sannan nata. Ta ce, "Naka fa?"

"Wurin bai ɗaukar mutum uku, Gwaggo."

Ta dube shi. Can ta ce, "Sake karanta mani na ƙasan."