Akori-kurarka Ta Daina Ƙara, Sannu-Sannu

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi, Allah ya karɓi ran aminina kuma mijin ƙanwata, direban da duk tasha ke kira Sannu-Sannu saboda bai taɓa yarda ya yi gudu da kayan mutane ba. Ina gareji, hannuna duk baƙin mai, waya ta same ni.

Sannu-Sannu, ka girme ni, amma tun da ka auri ƙanwata kake ce mini Yaya don tsokana. Tsohuwar akori-kurarka da ita ka ciyar da gidanka. Matan kasuwa sun san idan kayansu suka shiga bayanta, ko ƙwai ne, lafiya za su sauka. Marar lafiya a unguwa kuwa, sauke kaya kake yi ka kai shi asibiti tukuna.

Zuwanka na ƙarshe gareji, fuskarka ba walwala. Ka ce, "Yaya, in na ɗaga ƙafa daga totur, ko na sa ribas, sai in ji ƙwas daga baya. Ba zan ƙara ɗaukar kowa ba sai na san mene ne."

Muka ɗaga bayanta a kan jak. Na fara duba kuros, wato mahaɗin farfela, sandar ƙarfen nan mai kai ƙarfin inji zuwa baya, na same shi garau. Na ce ka riƙe taya gam, ni kuma na murɗa farfela da hannu. Ta juya sosai kafin tayar ta motsa. Nan muka gane ciwon na cikin difa ne, tukunyar nan ta baya mai raba ƙarfi ga tayoyi biyu. Da na zubar da man, garin ƙarfe na ƙyalli a ciki. Na buɗe murfi, na ɗora agogon awo, na ga wasan da ke tsakanin haƙoran giya ya wuce ƙima. Boris ɗin da giyar ke juyawa a kansa ne ya cinye, ya bar babbar giyar tana lilo, amma haƙori ko ɗaya bai karye ba. Ka yi dariya har da tafi, ka ce, "Ashe tsohuwa da sauran ƙarfinta!"

Dariyar ce ta zame maka tari. Ka zauna a kan tsohuwar taya kana haki, ka dafe ƙirji. Ni na kai ka asibiti, suka riƙe ka. Duk zuwan da na yi dubiya, kafin in zauna sai ka tambaya ko boris ya samu. Na ce ya samu, kai dai ka warke ka zo mu gwada ta tare. Ka ce to.

Bayan an kai ka makwancinka, na daɗe ban iya kallon inda motar take ba. Daga baya na daure. Na sa sabon boris, na daidaita wasan, na zuba mai, na zaga da ita. Shiru kake ji, gaba da ribas. Sai na nufi gidanka in miƙa makulli. Ban ko kashe inji ba ƙanwata ta fito da sauri, mayafi a hannu, yadda ta saba in ta ji motarka a ƙofa. Ta leƙa ta ga ni ne a sitiyari. Ta dafa ƙofar motar, muka yi ta kuka a titi.

Allah ya jiƙan ka, aminina. Ya yafe maka kurakuranka, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Ƙanwata, Allah ya ba ki haƙuri, ya raya muku abin da ya bari. Ga 'yan'uwansa da abokan aikinsa na tasha, ina miƙa ta'aziyyata, ni ma ina neman mai yi mini. Allah ya sa mu cika da imani. Amin.