Baba Hodi, Mai Kankare Ƙotar Bindiga

Da an sallame asuba, Baba Hodi zai shimfiɗa buhu a ƙofar shagonsa na Nasarawa, ya jera fasassun kwalabe da sanfefa ta goge itace da kwalbar man gyaɗa. Shekara talatin da shida ya yi yana kankare tsohon fenti daga ƙotar bindigogin maharba. Mutum ne mai shegen zargi, wannan kam duk Birnin Kebbi ta sani. Ko ɗan uwansa ya kawo aiki, sai ya kalle shi sama da ƙasa ya ce, "Ina ka samo ta? Wa ya shafa mata wanga fenti?" Da yawa sun yi fushi sun kwashe kayansu. Wasu ma shi suke zargi, wai mai gyaran bindiga, wa ya san waɗanda yake yi wa aiki?

Bara aka kai wa manoma hari a fadamar Ambursa, aka tsinci bindiga mai jar ƙota a cikin shinkafa. Kowa ya ce ta Tamba ce, maharbin nan na wajen Argungu, don shi kaɗai aka sani da jar ƙota. Tamba ya rantse tasa ta faɗa gulbi tun lokacin ambaliya. Wa zai yarda? Aka tsare shi, matarsa Laure ta daina zuwa kasuwa saboda nuni da baki.

Laure ce ta je har shago tana kuka. Hodi bai lallashe ta ba, ce mata ya yi, "Ni ma ban yarda da mijinki ba sai na gani." Ya roƙi hukuma, aka fito da bindigar gaban dattawa. Ya sa gutsuren kwalba yana kankarewa a hankali, jan fenti na zuba kan buhu, har itacen ya fito fari fat. Ya shinshina, ya danna farce, farcen ya shige.

"Wagga malaina ta, itace mai taushi," in ji shi. "Ta Tamba ƙirya ta mai tauri, ni na sassaƙa ta, har da ƙusar tagulla inda ta tsage. Fentin ga ko wata ukku bai yi ba."

A kan haka aka sako Tamba. Wallahi da na ji, sai da na ji kunya, don ni ma ina cikin masu cewa Tamba ne.

Baba Hodi, kai ne ka ƙi gaskata fenti ranar da gari duka ya gaskata. Yanzu ido ya yi rauni, ka naɗe buhunka, mun gode, Allah ya saka. Masu sana'a, ku riƙa duba abin da ke ƙasa kafin ku buɗe baki.

Aikinsa na ƙarshe sabuwar bindigar Tamba ce. Tamba ya miƙa ta hannu biyu, idonsa cike da hawaye. Hodi ya juya ta, ya harare shi ya ce, "Ina ka samo ta?"