Kwanar Zauren Iya Yagana

Iya Yagana ta Ƙofar Wambai ta yi rainon 'ya'yanta, ta yi na ƙannen miji, ta yi na maƙwabta, har gwiwoyinta suka ƙi ba ta haɗin kai. Katangarmu ɗaya, don haka kunnena ya gaji da jin rantsuwarta cewa ba za ta ƙara goya ɗan kowa ba. Ana cikin haka 'yarta Rabi'atu ta samu aikin koyarwa a Tirwun, ta fara dire mata jaririyarta Ni'ima kowace safiya. Iya ta yi mita son ranta, sannan ta ɗauko zanen goyo.

Rabi'atu ta gindaya sharaɗi: ranar da yarinyar ta iya fita waje da kanta, za ta mayar da ita gidan raino kusa da makaranta. Iya ba ta da ƙafar bin ta, ga masu babur a lungun nan ba su san birki ba.

Ginin gidan ne ya rufa wa Iya asiri. Zauren irin na dā ne, ƙofar ciki ba ta kallon ta waje, sai mutum ya karya hagu, ya sake karya dama. Ni'ima kuwa da ta fara tafiya, miƙewa kawai ta sani. Ta taho da tangaɗi, ta ci karo da bango, ta zauna daɓas. Iya na kan tabarma, ko motsi ba ta yi.

Sannu a hankali yarinyar ta fara juya kai, kafaɗa ta bi, tana lalubar bango da tafin hannu. Iya ta ga wannan sarai, sai ta riƙa tare kwanar da turmi. Shi ma da ƙyar take mirgino shi.

Wata rana da hantsi bayanta ya riƙe, turmi ya gagara. Na zo aron rariya, na tsinci Ni'ima a ƙofar gida tana ta dariya. Iya na cikin zaure tana rarrafe, kwanar farko kawai ta sha. Tausayinta ya kama ni.

Na ɗauko yarinyar na miƙa wa Iya, na ce ba sai Rabi'atu ta ji ba. Iya ta daɗe tana haki, yarinyar a cinyarta.

"Ni zan gaya mata," in ji ta. "Miƙo min jakar can in haɗa mata kayanta."