Ni Aka Bar wa Igiyar Jaki

Ranar wata Laraba ce cikin watan takwas, daminar da na gama aji biyar a lakwal, makarantar boko. An kwana ana tafka ruwa, gari ya waye tsakar gidanmu a Dakoro duk caɓi da kukan kwaɗi. Ina tsugune ina wanke-wanke sai ga Kawu Sani, ƙanen Innarmu, wando a naɗe har gwiwa, ya ce yau ƙasa ta jiƙe da yawa ba a shiga gona, mai son ganin Makwarara ya tashi.

Makwarara wani tudun duwatsu ne can bayan hanyar Birnin Lalle. Ƙasarmu ta rairayi ce, ba mu san ruwa na faɗowa daga ko'ina ba sai daga sama. Amma can, in aka yi ruwa mai ƙarfi, korama takan biyo bayan tudun ta zubo daga kan dutse zuwa cikin tabki, kuma yini guda take yi ta ƙafe. Mushenmu, malamin ajinmu, ya taɓa nuna mana hoton irin wannan a littafi, tun ranar abin ya tsaya mini a rai. Na roƙi Inna har da hawaye. Ta ce in na daka furar tafiya in bi su. Wallahi ban taɓa daka da sauri irin na ranar ba, har tafin hannuna ya yi bororo.

Muka kama hanya, ni da Kawu da yayyena biyu, Idi da Laminu, da jakin Baba ɗauke da bidon ruwa da goran fura. Hatsi ya kai mini kafaɗa, ƙarangiya ta cika mini bakin zane, yayyena suna hawan jakin bi da bi, ni ina tafe a ƙasa da takalmin roba. Ko a jikina. Ina ta waƙa, don tun kafin mu hango tudun muka fara jin wani gurnani daga nesa, Kawu ya ce ruwan ne.

Gonaki sun zo har gindin tudun, kuma mai gonar yana tsaye da doguwar hauyarsa, wani tsoho mai jan ido. Bayan gaisuwa ya ce, "In jakin nan ya taɓa mini ganye guda, sai dai ku same shi gidan mai gari." Kowa ya san ɓarnar gona da damina ba wasa ba ce. Kawu ya laluba buhu, ashe ya baro dabaibayi a gida! Jakin kuwa shu'umi ne, da haƙori yake kwance igiya in an ɗaure shi. Dole wani ya riƙe shi. Ko shawara ba a yi ba, maza uku suka juyo suka dube ni lokaci guda. Kawu ya danƙa mini igiya ya ce, "Rabi, riƙe kaɗan, yanzu za a sauko a canje ki."

Yanzu! Rana ta take, inuwa ta karkata, ba wanda ya leƙo. Ina jin rugugin ruwan a bayan dutse, ina jin ihun Idi da Laminu suna faɗawa tabki. Jaki yana fizgata wajen hatsi, igiya na cin bororon hannuna, ƙudaje sun addabe mu ni da shi. Na ƙwala kira har muryata ta dishe. In na yi niyyar sakinsa in ruga, sai in ga tsohon ya ɗago kai. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ina ji da kunnena ƙarar tana raguwa kaɗan-kaɗan, ruwan yana ƙarewa ina tsaye.

Bayan la'asar suka sauko jiƙe sharkaf, baki har kunne. Wai daga sama ana hango tabkuna jere suna ƙyalli, da garken shanu, har da shaton Dakoro, dogon tankin ruwan gari, ɗan mitsitsi. Suka zauna suka shanye furar da na daka. Na ce to ni ma zan hau. Kawu ya dubi rana ya ce dare zai yi mana a hanya, baɗi in Allah ya kai mu. Idi ya goge baki ya ce, "Ba ki rasa komai ba, ruwa ne kawai." Da na kai ƙara gun Inna, cewa ta yi, "Yi haƙuri, haka maza suke." Wannan ta fi duka zafi.

Baɗin ba ta zo ba. Sai daminar bara na kwashi ɗiyana mata muka je, kwana guda bayan ruwa mai ƙarfi. Manyan motoci sun kwashe duwatsun an yi gini da su, rairayi ya cike tabkin, korama ta sake hanya. Muka hau abin da ya rage, ba ƙarar ruwa, sai iska. Da na dawo na biya gaida Kawu, ya tsufa yanzu, na tuna masa da ranar. Ya yi dariya, ya lissafa Idi da Laminu har da jakin, sannan ya dube ni ya ce, "Au, da ke aka je?"

Da ni aka je, Kawu. Ganin ne ba a yi da ni ba.