Na Je Lyon Ganin Sana'ar Auta

Mun tashi da asubar Lahadi daga Sevran da ke gefen Paris, ni da maƙwabcina ɗan Maraɗi mai sayar da atamfa. Tun a cikin RER, jirgin ƙasan da ke kai mu cikin gari, nake ciro tiketin Lyon ina dubawa ina mayarwa, har takardar ta yi laushi. A tashar jirgin ƙasa ta Gare de Lyon da ke Paris ya ƙwace ta ya sa a aljihunsa.

"Malam, in ka ci gaba da shafa ta, rubutun zai goge mu kwana a tasha."

Inna ce ta aike ni. Autanmu ya zo Faransa karatun injiniya a Villeurbanne da ke gefen Lyon, sai ya bari ya koma Paris makarantar kiɗa. Ya yi shekaru yana wankin kwanuka a gidan abinci yana rubuta kiɗa a takarda. Yanzu yana koyarwa a jami'a a Lyon, kuma shi ke jagorantar makaɗa in za a buga abin da ya rubuta. Gidanmu a Damagaram gidan malamai ne, ba mu gaji ganga ba. Tun da ya sake hanya Inna tana amsa gaisuwarsa, amma ba ta ƙara sa wa aikinsa albarka ba. Ga shi ta tsufa, ido ma ya tafi. Ta ce mini a waya: "Kai ba ka iya ƙarya ba. Je ka gani. In roƙo yake, ka ji wa yake yi wa kirari. Abin da ka gani shi za ka gaya mini." Abin da ya hana ni barci ke nan. In na ga abin kunya, dole in faɗa.

Ni mai ɗaukar kaya ne a kasuwar Rungis, rana barci nake, don haka ban san Faransa tana da faɗi haka ba. Jirgin yana gudu kamar ba ya taɓa ƙasa. Hazo ya kwanta a kan gonaki, fararen shanu suna tsaye a ciki ba a ganin ƙafafunsu. Can sai gona mai fure rawaya har iyakar gani, sai hasumiyar wani ƙauye ta leƙo ta ɓace. Maƙwabcina ya sayo kofi, ya dawo yana cewa da kuɗin nan a Maraɗi har mai shayin ma a ba ka. Muka ci kilishin da na ƙunso, ina ta fargabar ƙamshinsa ya dami mutane.

Auta ya tare mu a Part-Dieu, tashar jirgin Lyon, ya durƙusa ya gaishe ni a tsakiyar jama'a. Furfura ta fara fito masa. A cikin tram, ƙaramin jirgin cikin gari, ya nuna mini ginin da ya bar karatun injiniya. A ɗakinsa takardu ne ko'ina, layuka da ɗige-ɗige kamar tsuntsaye a kan wayar lantarki. Ya dafa mana shinkafa da wake, muka yi azahar, ya sa baƙar riga, muka bi bakin kogi zuwa gidan wasan. Ruwan kore ne, yana tafiya a natse.

Zauren cike yake da dattawa, mafi yawa masu farin kai. Makaɗa sun fi ƙarfin ƙirge a idona, kowa da gogensa, ƙanana da manya. Auta ya fito, aka tafa, ya sunkuya. Sai kawai ya juya wa mutane baya.

Sa'annin Inna ne zaune a nan, sun bar gidajensu sun zo dominsa, shi kuwa ya ba su ƙeya. Na jira ya juyo, bai juyo ba. Na karkata wajen tsohuwar da ke kusa da ni na ce a hankali, "Pardon, Madame, ƙanena ne, ba haka aka rene shi ba." Rabi da Faransanci, rabi da Hausa. Ta ɗora yatsa a baki. Maƙwabcina ya cusa fuska a hula, kafaɗunsa na rawa.

Kiɗan ya fara siriri, kamar iska ta ƙarƙashin ƙofa. Ba waƙa, ba sunan kowa. Na kasa kunne sosai ko zan ji kirari, ban ji ba. Ina cikin lissafin yadda zan gaya wa Inna zancen bayan nan, sai wani mai ganga a can ƙarshe ya buga: dum, dum, shiru, sai tafi biyu. Ya sake. Dum, dum, shiru, tafi biyu.

Dakan Inna ne. Ita kaɗai a unguwarmu take cilla taɓarya sama ta tafa sau biyu kafin ta cafe. Zauren ya ɓace mini. Na ga tsakar gidanmu da hantsi, inuwar dogon yaro, kaji suna jiran tsaki, Auta goye a bayanta kansa yana lilo da kowane bugu. Gogen suka taso a kai kamar tattabaru. Ban san tsawon lokacin da na yi a can ba. Da na dawo, tsohuwar tana miƙo mini hankici.

Da aka gama ya juyo ya sunkuya har sau uku, mutane a tsaye. Ɗalibansa suka kewaye shi suna Monsieur, Monsieur. Ya ratso su ya zo wurina, bai tambaye ni komai ba, idona kawai yake kallo.

Na dawo Sevran da jirgin yamma. Washegari na kira Inna, bayan gaisuwa ta ce, "To?"

"Ba ya roƙo, Inna. Ba ya kiran sunan kowa. Amma ya juya wa manya baya tun daga farko har ƙarshe."

"Subhanallahi. Bai gaishe su ba?"

"Ya gaishe su kafin, ya gaishe su bayan. Makaɗan yake fuskanta. Kuma dakanki ya sa suka buga."

Na buga mata a kan tebur. Sai na ji tana ƙwanƙwasa wani abu, ina jin ƙwarya ce, ta tafa sau biyu.

"Haka?"

"Haka."

"Yana goye fa lokacin," in ji ta. "Liman ma baya yake ba mutane. Ba jikata lambarsa, ni zan kira shi."

Abin da tafiyar nan ta koya mini kaɗan ne: in faɗi abin da na gani duka, kada in tsaya a rabin da ya tsorata ni. Da azahar Auta ya kira ni, ya ce Inna ta kira shi, bai ƙarasa zancen ba, ni ma ban matsa masa ba.