Rawar da Na Raba Kaka Arzika da Ita

Sama da shekara talatin ke nan da muka kai Kaka Arzika makwancinsa a Gwandu, tun ba a yanke mana jihar Kebbi daga Sakkwato ba. Duk wanda ya san ni ya san halina: in na ga akuya da safe, kafin azahar ta zama raƙumi a bakina. To yau ba zan ƙara gishiri ba, don labarin kaina zan tona.

Kaka, mahaifin babana, ya taɓa yin gadi wajen wasu mutanen Sin da suka zo aikin shinkafa a fadama. A wurin wani dattijonsu ya koyo wani irin motsa jiki. Kullum bayan asuba sai ya tsaya bayan rumbu, ya ɗan lanƙwasa gwiwa, ya riƙa tura iska da tafin hannu a hankali, kamar mai tsallaka gulbi ruwa iya ƙirji. Ya haura saba'in, amma ko asham a tsaye yake bin liman, a sahun farko, mu matasa muna neman bango.

Ni jika ne, kuma wasan jika da kaka ba a kai shi ƙara. Nakan ce, "Tsoho, sauro nawa ka kama yau?" Ya ce, "Ja'iri, bari ka kai shekaruna." Da abin ya tsaya cikin gida, da ba komai. Amma na yi mako guda ina leƙensa ta katanga, ranar kasuwar Kalgo na miƙe a rumfar mai shayi na kwaikwaye shi gaban jama'a. Na ƙara da juya ido da faɗuwa ƙasa. An yi dariya har mai shayi ya kifar da butarsa.

Labari ya riga ni isa Gwandu a bakin direbobin bas: wai Malam Arzika ya shiga bori da tsufansa. Dattawan unguwa suka same shi da nasiha. Bai yi musu ba, bai kuma ambaci sunana ba. Dainawa kawai ya yi.

Damina biyu, gwiwoyinsa suka sandare. Wata rana ya zame wajen alwala, ƙugu ya goce. Daga nan sallarsa ta koma a zaune, a ɗaki, kuma bai sake ganin sahun farko ba. Tsufa gaskiya ne, ƙaddara ma haka. Amma na san wanda ya raba shi da abin da ke riƙe masa ƙafafu.

Da na je gaishe shi, sai ya ce, "Tashi ka yi mini rawar taka ta Kalgo in gani." Na so ƙasa ta tsage in shige. Na tashi na yi, babu juya ido, babu faɗuwa. Ya ce, "A hankali, ja'iri! Numfashi shi ka jan hannu, ba hannu ka jan numfashi ba." Har la'asar yana yi mini gyara. Ni a zatona horo yake yi mini.

Bana gwiwata ta fara kuka kamar tsohon ƙyauren kwano, ana jin ta daga garin Dodoru. Wani likita da ya yi karatu a waje ya ce in gwada wani abu wai shi taici: yana ƙarfafa ƙafa, yana rage wa tsofaffi faɗuwa, yana kwantar da zuciya. Ya tashi ya fara nuna mini, na ƙarasa masa. Ya ce, "Alhaji, wa ya koya maka?" Sai na sunkuyar da kai.

Da Kaka zai ga likita da takardunsa yana ba mutane maganin da muka kira bori, me zai ce? Ina jin ƙafar likitan zai duba, ya ce ya gyara tsayuwa.

Abin da na sata don a yi masa dariya, shi ya zauna ya gyara ya bar mini gado. Yanzu kullum bayan asuba ina yi, a ƙofar gida, ba bayan rumbu ba. An ce har an fara kwaikwayona a Kalgo. Su yi, bashin dariya ne ya waiwayo mai shi. Allah ya jiƙan Kaka Arzika. In kun wuce kuka ga ina sauri, ku ce mini, "A hankali, ja'iri."