Kitson Mai Walda

A garejin da yake aiki Tartsatsi ake ce masa, ba don zafin rai ba, don dai wutar walda ta huhhuje masa riga. Mutum ne mai kaurin hannu da ƙarancin magana. Abin da abokan aikinsa ba su sani ba, da waɗannan yatsun masu kanta yake yi wa 'yarsa kitso.

Ba sha'awa ce ta koya masa ba. Da aurensa ya mutu, matar ta tafi karatu, ta bar masa yarinyar ko magana ba ta gama iyawa ba. Gashinta ya cukurkuɗe, maƙwabciya ta gaji da taimako, sai ya sayo kibiya da man kitso, ya tura ƙofa, ya zaunar da ita tsakanin ƙafafunsa. Kitson farko ya fito kamar kaza ta yi tono. A hankali hannunsa ya faɗa, har ya gano bayan kunnenta na hagu ba ya son ja, nan yake sassautawa.

Ana nan uwar ta dawo da aiki da gidanta, ta kai ƙara kotu a ba ta 'yarta. Ba muguwa ba ce, son yarinyar take yi. Wannan ya fi ci masa rai, don bai sami wanda zai tsana ba.

A gareji kuwa kullum rediyo na kan muhawarar haƙƙin maza. Ogansu ya fi kowa ɗaga murya.

"Mata sun ƙwace kotu, sun ƙwace rediyo, saura wando!" Aka bushe da dariya. Ya ƙara da cewa, "Amma laifin wasu solaye ne, masu aikin mata a gida. Waɗannan ba namu ba ne."

Tartsatsi ya sauke gilashin walda a fuskarsa.

Da ya gaya wa lauyansa zancen kitson, yana ganin babbar hujja ya kawo, sai mutumin ya cire tabarau ya ƙare masa kallo.

"Malam, rufa wa kanka asiri. Za a tambaye ka me ya sa kake tura ƙofa kai da 'ya mace. Bar maganar nan a cikinka."

Ranar shari'a ya yi mata kitso tun da sassafe, mafi kyau da ya taɓa yi. Alƙalin ya kira yarinyar, ya dubi kanta, ya yi murmushi.

"Ka gani? Wannan hannun mace ne. Akwai abin da uba ba zai iya ba, komai son da yake wa 'yarsa."

Yarinyar ta juyo ta dubi babanta, tana jiran ya gyara zancen. Uwar ta sunkuyar da kai, don ta san wanda ya yi kitson. Lauya ya taka masa ƙafa. A bencin baya ga Oga da mutanen gareji, sun zo taya namiji yaƙi. Tartsatsi ya buɗe baki, ya mayar ya rufe. Aka ba uwar riƙo.

Yanzu sai ƙarshen mako yake ganin 'yarsa, a barandar tsohuwar surukarsa, tsohuwar kuma tana gefe a kujera ta zuba musu ido. Ran nan yarinyar ta fito da kitson shago, an ja shi har girarta ta ɗage, bayan kunnen hagu duk ƙuraje.

"Baba, zafi yake min."

Ya kai hannu, tsohuwar ta ce, "A'a, ɗan nan, bar mata kai. Ba aikinka ba ne."

Ya janye. Ya mayar da hannun aljihu. Yarinyar ta juya baya, ta zauna a ƙasa tsakanin ƙafafunsa, ta kwantar da kai a gwiwarsa tana jira. Kibiyar tana aljihunsa, ya damƙe ta har ta soke shi.